Ranar da Na Jefa Maganina a Wuta

Salama a gare ku duka cikin sunan Yesu Almasihu, Ubangijinmu. Baba Pasto, dattawa, iyayena mata, matasa, ina gaishe ku.

Sunana Saratu, matar marigayi Ishaya. Waɗanda ba su san sunana ba sun san awarata, don na daɗe ina suya a bakin titi, gab da inda 'yan acaba suke tsayawa. Ni ce uwar Rahila, yarinya 'yar shekara bakwai mai doro a baya. Kowa ya san ta. Yau za ku ji inda doron ya samo asali.

Wannan ne karo na biyu da na tsaya a nan gaba don in ba da shaida. Ta farkon, shekara uku da suka wuce, ƙarya ce. A ranar ban san ƙarya nake yi ba, amma ƙarya ce, kuma 'yata ce ta ɗauki nauyinta. Baba Pasto bai zo garin nan ba tukuna a lokacin. Da ya ji labarin ya ce in zo in faɗa duka. Na ce masa, "Baba, bakina ba shi da daɗi fa, akwai waɗanda ransu zai ɓaci." Ya ce in faɗa. To, ga ni.

Kun san inda nake zaune, can gefen Kazaure bayan dutse, inda kwalta ta ƙare. Gidan haya ne, ɗaki takwas, bayi ɗaya. Ruwan famfo a bakin 'yan siyasa kawai muke jin sa. Asibitin unguwarmu shi ne kemis ɗin kan kwana. Ka faɗi inda ke maka ciwo, a ƙulla maka ƙwayoyi a leda, ka tafi.

Ishaya dako yake yi a kasuwar hatsi ta Babura. Da ya fara tari muka ce ƙaiƙayin gero ne ya shiga ƙirjinsa. Ya sha maganin tari na kemis kwalba bayan kwalba, ya sha zuma da citta, yana ta ramewa a kan idona. Ba wanda ya taɓa ce mana mu je a gwada shi. Haka ya mutu, muka binne shi a ƙauyensu wajen Roni, Rahila tana shekara huɗu.

Bayan wata biyar ni ma na fara. Tari, zufa, zazzaɓin yamma, abinci ya fita raina. Zanin da nake ɗaurawa sai da ya koma yana zagaye ni kusan sau biyu. Masu sayen awara suka fara tsallake ni suna zuwa wajen ta gaba. Ban ga laifinsu ba. Wa zai ci abin da mai tari ta soya?

Wanda ya ci mini rai shi ne na cikin ikilisiyar nan. Mijina ya mutu a rame, ni kuma ga ni ina ramewa, sai aka haɗa lissafi aka ce ciwon zamani ne. Ba wanda ya faɗa mini a ido. In na shigo dai magana ta ɗauke, in na zauna a bencin mawaƙa sai in ga fili ya buɗe hagu da dama.

Kun san al'adarmu a zumuntar mata. Ran Alhamis bayan koyon waƙa a dama kunu a babbar ƙwarya, ludayi ɗaya yana zagayawa, kowa ta sha ta miƙa wa ta kusa. Wata Alhamis ludayi ya zo kaina, sai Mama Talatu, shugabarmu, ta riƙe hannun wadda za ta miƙo mini. Ta ciro wani shuɗin kofin roba daga jakarta, an ɗaura masa zare a mariƙi don kada ya ɓace cikin sauran.

"Saratu, ga naki," in ji ta. "Daga yau da wannan za ki riƙa sha."

Na karɓa, na ce na gode, Mama. Na sha kunun nan ina jin kamar ƙasa ta tsage in shige. Daga baya a asibiti aka gaya mini ciwon ma ba ta kofi yake bi ba, ta iska yake bi. Ashe kofin bai kare kowa ba, kunya kawai ya ba ni.

Wadda ta kai ni asibiti ba 'yar ikilisiya ba ce. Maƙwabciyata ce, Ya Falmata, tsohuwa Babarbariya mai haɗa turaren wuta, bango ɗaya ya raba ɗakinta da nawa. Ni Iya nake ce mata, Rahila kuma Kaka. Wata safiya ta shigo da mayafinta a kafaɗa ta ce, "Tashi. Na ji tarin mijinki ta bangon nan har ya yi shiru. Ba zan zauna in ji naki ya yi shiru ba."

A asibiti muka haɗu da Malama Binta, mai kula da masu tari. Ta ba ni ɗan roba na tofa kaki, aka kuma ɗebi jinina. Da sakamako ya fito ta ce ba ni da ciwon zamani, tarin tibi ne, kuma ana warkewa sarai. Magani kyauta ne. Amma wata shida za a yi ana sha kullum da safe kafin a ci komai, ba fashi ko na kwana ɗaya. Ta ce ko na ji na warke kada in daina, domin ciwon kwanciya yake yi, in ya tashi kuma ya fi da ƙarfi. Sannan ta ce ƙa'idarsu sai an sami wanda zai tsaya mini, ya riƙe maganin a wurinsa, ya ga na haɗiye da idonsa, ya sa alama a kati.

Na zo nan da murnata. Na gaya wa Mama Talatu ba abin da ake zato ba ne, ga takarda. Na ce ina neman mace ɗaya da za ta riƙa leƙo ni da safe. Aka yi sanarwa a zumunta. Wannan ta ce unguwarmu ta yi nisa, waccan ta ce tana da goyo, wata ta ce maigidanta ba zai yarda ba. Aka ce za a sa ni cikin addu'a. Mata sama da talatin, ba a sami ƙafa biyu ba. Kofin nan mai zare kuwa bai koma jaka ba, takardar ba ta canza komai ba.

Ya Falmata ce ta tsaya mini. Ba ta iya boko ba, Malama Binta ta koya mata inda za ta riƙa jan layi a katin. Ta adana maganin a cikin kwallarta. Kullum in ta idar da sallar asuba gari ya ɗan waye, sai in ji ta a bakin ƙofa da moɗar ruwa. Manyan ƙwayoyi ne jajaye, har fitsari suke rinawa. In na haɗiye sai ta ce, "Buɗe bakin in gani. Ɗaga harshe." Ni da girmana! In yi tsaki, ita kuma ta yi dariya ta ja layinta.

Wata biyu ina sha. Tari ya tsaya, kumatuna suka ciko, na koma suya. A daidai lokacin aka yi taron farkaswa a nan, kwana uku, aka gayyato wani baƙon mai wa'azi daga nesa. Ba zan faɗi sunansa ba. Ya daɗe da tafiya, kuma na tabbata ya manta da ni.

Rana ta uku da la'asar ya sa aka hura wuta a rabin duro, nan farfajiya kusa da bishiyar dalbejiya. Ya ce duk mai wani abin da yake dogara gare shi ban da Yesu, ya kawo a ƙona.

Sai kun tuna su wane ne mu kafin ku gane abin da ya shiga kaina. Mu jikokin masu layu da guraye ne. Ubana da kansa, ranar da ya karɓi bishara a ƙauyenmu, ya kwance gurun da ke ƙugunsa, ya tattaro layun da ya gada, ya zuba a wuta jama'a suna kallo. Da wannan labarin aka raine mu. A gidanmu ba a san wata alamar bangaskiya da ta wuce ka ɗauko abin dogararka ka jefa a wuta ba.

To, mutane suka fara kawo layu, wasu suka kawo ƙulle-ƙullen boka. Sai mai wa'azin ya ɗaga murya ya ce ƙwayar asibiti ma laya ce in ka sa zuciyarka a kanta. Ya ce wanda Yesu ya taɓa ba ya bukatar ƙari. Mama Talatu tana kusa da ni. Ta dafa kafaɗata, karo na farko ke nan da ta taɓa ni tun da na fara ciwo.

"Saratu, dubi yadda kika yi kyau," ta ce. "Ai Ubangiji ya gama aikinsa. Yau ranarki ce, ki kunyata Shaiɗan."

Na hau acaba na koma gida. Ya Falmata ta tafi suna, ƙofarta a saye kawai take. Na shiga ɗakin tsohuwar nan ba izini, na buɗe kwallarta, na kwashe maganin duka har da katin. Na dawo ina haki, na ratsa jama'a na watsa su a wuta. Har yanzu ina jin warin ledar nan tana narkewa.

Wayyo, ku zo ku ga murna. Aka rangaɗa guɗa, aka buga ganga, matan da suka yi wata da watanni ba su haɗa kafaɗa da ni ba suka rungume ni. Ran Alhamis Mama Talatu da hannunta ta miƙo mini ludayi. Ran Lahadi na tsaya a nan, daidai inda nake tsaye yanzu, na ce Yesu ya warkar da ni ba da taimakon likita ba. Daga nan aka yi ta yawo da ni. Aka kai ni Roni na faɗa, aka kai ni Gwiwa na faɗa. Ban san mutum nawa suka watsar da maganinsu saboda bakina ba, kuma wannan yana cikin abin da nake roƙon gafara a kai kullum.

Washegarin ƙona maganin Ya Falmata ta zo bakin ƙofata da moɗar ruwa, hannunta ɗaya ba komai. Ta riga ta ga kwallar. Na ce mata na warke, Yesu ya warkar da ni, na ƙona sauran.

Ta dube ni. Sannan ta ce, "Annabi Isa ne ya ce ki shiga ɗakina ba na nan ki buɗe mini kwalla?"

Na ce, "Iya, wannan maganar addininmu ce, ba ki da baki a ciki."

Haka na gaya wa matar da ta yi wata biyu tana kawo mini ruwa. Ta zuba ruwan a gindin bango ta koma ɗakinta. Daga ranar na daina gaishe ta, na kuma hana Rahila shiga wurinta.

Da ranar karɓar magani ta wuce ba a gan ni ba, Malama Binta ta hau acaba ta biyo ni har gida. Zuwan farko na ɓuya a bayi har ta gaji ta tafi. Na biyu ta ritsa ni ina tace waken suya. Na maimaita mata abin da na gaya wa kowa.

"Ban ƙi ba, Maman Rahila," in ji ta. "Allah ne mai warkarwa, ni ma na yarda. To ki ba ni kaki a gwada. In babu komai, ni da kaina zan taya ki godiya."

Na ce ba na gwada Ubangijina.

Ta dubi Rahila tana wasa a ƙofar ɗaki. Ta ce, "To ke kin girma, ranki ne. Yarinyar nan fa? Ɗaki ɗaya kuke kwana, ta kuma kwana da ubanta yana tari. Tun farko na ce ki kawo ta, ba ki kawo ba. Ki ba ni ita yau a duba ta. Akwai maganin kariya da ake ba yara."

Na jawo Rahila na ɓoye ta a bayana. Na ce, "Ba wanda zai taɓa mini 'ya. Jinin Yesu ya rufe ta."

'Yan'uwa, in da akwai rana ɗaya da zan roƙi Allah ya mayar da ni in gyara, ba ranar wutar ba ce. Wannan ranar ce. Taimako ya biyo ni har ƙofar ɗaki da ƙafarsa, na kore shi da sunan Yesu.

Damina ta wuce, kaka ta yi, tari ya dawo. Wannan karon har da jini. Da ina cikin hankalina a lokacin da na ruga asibiti, amma ina! Ni da na zagaya gari uku ina cewa na warke, da wane ido zan dubi mutane? Sai na shiga ɓoyo. Na toshe taga da tsumma don kada maƙwabta su ji, ina tari a cikin zani, Rahila tana kwance a gefena tabarma ɗaya. Wata uku ina haka. Na daina zuwa sujada.

Mama Talatu ta zo sau ɗaya, ita da mata biyu. A zaure suka tsaya, ba su shigo ba. Ta ce, "Saratu, Allah ba ya ba da kyauta ya karɓe. In ciwon ya dawo, ko bangaskiyarki ce ta yi sanyi, ko akwai zunubin da kike ɓoyewa. Ki bincika kanki." Suka yi gajeriyar addu'a suka tafi. Ƙafarsu ke nan. Masu guɗa, masu ganga, masu runguma, ban ƙara ganin ko ɗaya ba.

Wata rana da hantsi na je ɗiban ruwa rijiyar unguwa, na faɗi da guga a hannu. Da na farfaɗo, kaina yana kan cinyar Ya Falmata a cikin a-daidaita-sahu. Matar da na yi wata da watanni ina ɗauke wa kai. Ba ta tuna mini komai ba, tana dai ta share mini baki da gefen mayafinta.

Malama Binta ma ba ta yi mini faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi. Aka gwada, ta zaunar da ni ta ce ciwon ya riga ya saba da maganin farko, ba zai ƙara cin sa ba. Sai an kai ni babban asibiti a Kano an kwantar da ni, an fara wani mai ƙarfi, mai daɗewa. Na aika ƙauye a zo a ɗauki Rahila, matar wana ta ce sai an tabbatar yarinyar ba ta ɗauke da komai. A nan ikilisiya ban ma tambaya ba, na riga na san amsar. Ya Falmata ta ɗauki tabarmar Rahila ta kai ɗakinta.

Na yi kusan wata a Kano, sai ga Ya Falmata ta zo da Rahila goye a bayanta. Yarinya 'yar shekara biyar a goye. Ba a bar su sun shigo ɗakinmu ba, aka fito da ni baranda da takunkumi a fuska. Na ce ta sauke ta mana ta zo wurina.

"Ba ta son tsayuwa," in ji Ya Falmata. "Tun kafin ki tafi na lura in abu ya faɗi ba ta sunkuyawa, sai ta durƙusa a hankali. Yanzu in na ɗaga ta kuka take yi. Duba nan."

Ta ɗaga rigar yarinyar. A tsakiyar gadon bayanta wani ƙashi ya turo waje kamar gaɓar yatsa. Malama Binta ta riga ta gani, ita ta turo su da takarda. A ranar aka ɗauki hoton bayan. Likita ya kira ni ya ce ciwona ne ya shige ta, ya zauna a ƙashin baya yana cin sa. Ya ce za a yi ƙoƙari, amma ba zai yi mini alkawarin ƙafafunta ba. Sannan ya tambaye ni, cikin ladabi, ko ba a taɓa ce mini in kawo ta a duba ba.

Na fita, na zagaya bayan ɗakin marasa lafiya inda ake wanke kwanuka, rana tsaka, na zube a gindin famfo.

Ba addu'ar da aka koya mana na yi ba. Faɗa na fara yi da Allah. Na ce, "Ubangiji, don kai na ƙona maganin nan. Ubana ya ƙona layunsa ka karɓe shi, ni na ƙona nawa ka karya mini 'ya. Ina adalcin?" Na yi kuka har muryata ta dushe.

Da kukan ya ƙare, sai wata tambaya ta faɗo mini a zuciya, a hankali, ba tsawa. Ranar da kika hau acaba za ki ɗauko maganin, kin tambaye ni?

Ban tambaye shi ba. Ko sau ɗaya ban durƙusa na ce Ubangiji, me kake so in yi ba. Ba fuskarsa nake nema ba a ranar. Ludayin nan nake so a miƙo mini. Na gaji da zama ni kaɗai a benci, na gaji da kofi mai zare, ina so a rungume ni a ce ni ma mutum ce. Wannan na saya da maganina, na kuma kira shi bangaskiya.

Na ce, "Yesu, na yi maka ƙarya a gaban mutane. Ka aiko tsohuwa na zage ta, ka aiko malamar asibiti na kore ta. Ka gafarta mini. In za ka ɗauki wani, ɗauke ni, amma ka bar wa yarinyar nan ƙafafunta. Duk abin da ka miƙo mini daga yau, ta hannun ko wane ne, zan karɓa."

Ban ga haske ba, ban ji murya daga sama ba. Muryar da na ji ta nas ce, tana kiran sunana ta taga, lokacin shan magani ya yi. Na tashi na wanke fuska, na je na karɓi ƙwayoyin a tafin hannu. Na ce na gode, Ubangiji, na haɗiye.

Hanyar ba ta yi sauƙi ba. Maganin nan na biyu azaba ne. Amai, jiri, ciwon gaɓoɓi. Da aka sallame ni na dawo Kazaure, mu biyu Ya Falmata take kawo wa ruwa da safe, kati biyu take jan wa layi. Rahila tana kwance a kan katako kamar yadda likita ya ce, ba ta tashi. A daka mata nata a cokali ta sha tana kuka, Kakarta tana lallashinta da Barbarci. Abincinmu daga tukunyar tsohuwar nan yake fitowa, wani lokaci matar mai gidan haya ta aiko da tuwo. Mutanen unguwar da ba su da asibiti, ba su da famfo, su suka riƙe mu.

Wata safiya ina shara a tsakar gida, Ya Falmata tana daka itacen turare, sai na ji ta dakata. Na juyo. Rahila ce a tsaye a bakin ƙofa, ta riƙe bango. Ta sake shi, ta yi taku ɗaya, biyu, uku, ta zo ta kama bakin turmi. Na yar da tsintsiya na durƙusa a ƙasa ina kiran sunan Yesu, Ya Falmata tana ta alhamdu lillahi. Ubangiji ya ji addu'ar gindin famfo. Haleluya!

Ni ma an gwada ni, an sake gwadawa, aka ce babu komai. Wannan karon da takarda a hannu nake faɗa, na kuma shanye maganina har ƙwayar ƙarshe. Yesu ya warkar da ni, ya warkar da 'yata, kuma ta hannun mutane ya yi shi. Amma ƙashin da ciwon ya ci ya riga ya ci. Likita ya ce bayan ba zai miƙe ba.

Mama Talatu, kina nan zaune, na gan ki. Ban zo in kunyata ki ba. Ba ke kika buɗe kwallar ba, ba ke kika kori Malama Binta ba, ni ce. Amma ba zan ce raina bai ɓaci da ke ba, don na yi ƙarya sau ɗaya a wurin nan, ya isa. Baba Pasto yana koya mini gafara. Ina kan hanya, ban kai ba tukuna.

Ku kuma iyayena mata, ku dogara ga Ubangiji, shi ne mai warkarwa, ni shaida ce. Amma in ya miƙo muku magani ku sha. In kun ji ana tari a ɗakin kusa da naku, ku ƙwanƙwasa. Yanzu haka Malama Binta ta ba ni mutum biyu a unguwarmu da nake tsaya wa kullum da safe, kuma akwai wasu da ba su sami kowa ba. Addu'arku tana da kyau, amma ƙafafunku ake bukata.

Saura abu ɗaya. Kun ga Rahila ba ta cikinmu. Na roƙi a riƙe ta a makarantar Lahadi har in gama. Yau da safe ina yi mata wanka, ina goga mata soso a bayan nan, sai ta ce yara a makaranta suna tambayarta me ya same ta. Ta juyo ta dube ni ta ce, "Mama, wa ya yi mini haka?"

Na ce ta rufe ido kada sabulu ya shiga.

Ba ta sani ba. Ku kun riga ta ji. Don haka ina roƙonku abu ɗaya, ku da 'ya'yanku, kada ta ji a bakin wani kafin mu isa gida. Yau in mun ci abincin rana zan zaunar da ita in gaya mata da bakina. Ban san ko za ta yafe mini ba. Ku yi mini addu'a.

Na gode wa Allah da ya bar mini ita da rai, ya kuma bar ni da rai don in amsa mata. Yabo ya tabbata ga sunan Yesu. Amin.